Gidauniyar Al'umma, Babbar Gidauniya, Gwamnati ko Jama'a: Ina Ƙaramar Ƙungiya Za Ta Nemi Tallafi?

A ƙaramar ƙungiyar sa-kai ba a cika yin musu kan aikin da za a yi ba. Kowa ya san ɗakin karatun yara yana buƙatar littattafai, ko ajin koyon sana'a yana buƙatar malami na biyu. Musun yana tashi ne idan aka zo kan inda za a samo kuɗin. Ɗaya zai ce a rubuta wa gidauniyar al'umma ta yankin, wani ya ce abin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba, gara a tunkari manya. Na uku ya ji an buɗe tallafin gwamnati, na huɗu kuma yana ganin duk wannan ɓata lokaci ne tun da ana iya tara kuɗi ta intanet cikin mako biyu. Mutum biyu ko uku da ke riƙe da ƙungiya ba za su iya bin hanyoyin nan duka a lokaci guda ba, dole a zaɓa.

Abin da zan dage a kai shi ne a daina soma lissafi da yawan kuɗin da ake bayarwa. A soma da abin da karɓarsa zai ci wa ƙungiya, da irin ɗawainiyar da littattafanta na kuɗi za su iya ɗauka.

Ma'aunai biyar

Na farko tsada. Nema kyauta ne a yawancin wurare, amma rubuta takarda, tsara kasafi da tattara shaidar rajista suna cin kwanaki. A ce kun kashe awa 40 kan neman dala 5,000, kuma ɗaya cikin masu nema huɗu ne ke samu. Lissafin ya bambanta da na wanda ya kashe awa 200 kan dala 100,000 alhali ɗaya cikin hamsin ake ɗauka. Na biyu ɗorewa: kuɗin shekara ɗaya ne, ko ana sabuntawa? Na uku sauƙi, wato sharuɗɗan shiga da nauyin rahoto bayan an samu. Na huɗu haɗari, kamar a yanke kuɗin ana tsakiyar aiki, ko a ce ku mayar da abin da kuka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa da shi: 'yancin kashewa. Akwai kuɗin da aka ɗaure wa aiki guda, ko kujera ba za ku saya da shi ba idan ba ta cikin kasafi. Akwai kuma wanda za ku biya haya da albashi da shi.

Gidauniyar al'umma

Tsarin ya faro a birnin Cleveland na Amurka a 1914. Frederick Goff, lauya kuma shugaban banki, ya ga yadda wasiyyoyin masu arziki ke ɗaure dukiya ga buƙatun da zamani ya riga ya wuce. Sai ya kawo shawarar asusu guda da kowa zai iya zuba wa kuɗi, babba ko ƙarami, a bar uwar kuɗin tana juyawa, wani kwamiti na mutanen gari kuma ya riƙa raba ribar ga buƙatar da ake ciki a lokacin. Wanda ya san waƙafi ba zai ga abin baƙo ba. Winnipeg ta kafa ta farko a Kanada a 1921, Gütersloh ta kafa ta farko a Jamus a 1996, Kenya ta samu tata a 1997. Yanzu Amurka kaɗai tana da fiye da 700, a duniya kuma sun haura 1,800.

Abin da ya raba ta da sauran masu bayarwa shi ne iyakar ƙasa. Tana yi wa gari ɗaya ko gunduma ɗaya ko jiha ɗaya aiki. Idan aikinku yana cikin iyakar, da maƙwabta kuke gasa, ba da duniya ba. Idan yana wajenta, komai kyan takardarku ba za a karanta ba.

Ta fuskar tsada, tana daga cikin mafi arha. Fam ɗin kan zama gajere, sannan akwai jami'in shirye-shirye da za a iya kira ko a je a gani kafin a rubuta ko layi ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike. Hirar minti ashirin da jami'in nan za ta gaya muku ko aikinku ya dace da zagayen bana, kuma ta hana ku neman dala 50,000 a asusun da bai taɓa ba da abin da ya wuce 10,000 ba. Jerin waɗanda suka samu a bara yana cikin rahoton shekara na gidauniyar. A karanta shi da kyau, domin a nan ake ganin abin da take so a aikace, wanda wani lokaci ya ɗan bambanta da abin da ta rubuta a manufofinta.

Sharaɗin shiga yawanci rajista ce a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, da asusun banki da sunan ƙungiya, da kwamitin amintattu, da bayanin kuɗi na shekarar da ta gabata. A Amurka ana neman shaidar hukumar haraji ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Wanda bai da rajista yana iya shiga ƙarƙashin inuwar wata ƙungiya mai rajista, ita ta karɓi kuɗin ta riƙe lissafin, ta cire ladanta, wanda kan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ga ƙungiyar da ba ta tabbatar za ta kai shekara uku ba, wannan ya fi yin rajista arha nesa ba kusa ba.

Wani abin da sababbin masu nema ba su cika sani ba shi ne gidauniyar al'umma rumbuna ce da yawa ƙarƙashin rufi ɗaya. Akwai asusun gasa, wanda ake sanar da buɗewarsa kowa ya nema. Akwai asusun da aka keɓe wa fanni guda, kamar ilimi ko lafiyar tsofaffi. Sai kuma asusun da mai bayarwa ya buɗe da sunansa yana ba da shawarar inda za a kai kuɗin, tsarin da gidauniyar al'umma ta birnin New York, wato New York Community Trust, ta soma a 1931. A manyan gidauniyoyi da dama, kuɗin da ke fita ta wannan hanya ta uku ya fi na gasa yawa, kuma ba a cike masa fam. Jami'an gidauniya ne ke ambata sunan ƙungiya ga mai asusun idan ya tambayi wa ke aiki mai kyau a fannin kaza. Shi ya sa ko an ƙi takardarku a zagayen gasa, wahalar ba ta tafi a banza ba matuƙar jami'in ya san ku, ya ziyarci aikin, ya ga rahoto mai tsabta.

Ɗorewa ita ce raunin wannan hanya, kuma abin yana da ban mamaki, domin gidauniyar kanta an gina ta ne don ta dawwama. Tana kashe kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na dukiyarta a shekara, ta kuma lissafa shi bisa matsakaicin shekaru da dama don faɗuwar kasuwa ta shekara ɗaya kada ta girgiza ta. Amma tallafin da take ba ku yawanci na wata 12 ne, kuma wasu na da dokar cewa bayan an samu sau biyu ko uku a jere sai a huta, a ba wasu wuri. Wanda ya ɗauki ma'aikaci na dindindin da irin wannan kuɗin ya ɗaura zanen aro ne, kuma an san ba ya rufe katara.

Haɗarinta kaɗan ne. Ana biyan kuɗin gaba ɗaya kafin a soma aiki, ko a raba biyan kashi biyu, rahoton shafuka kaɗan ne, kuma idan abu ya canja ana iya kiran jami'i a nemi izinin sauya kasafi. Haɗarin da ya rage na zaman tare ne: gari ɗaya ne, kowa ya san kowa. Rahoton da aka makara da shi sau ɗaya, ko hoton aikin da aka ƙara wa gishiri, zai riga ku isa ofishin mai bayarwa na gaba.

Babbar gidauniya mai zaman kanta

Nan ake maganar irin su Ford, MacArthur da Gates, da dubban gidauniyoyin iyalai da ba su kai su suna ba. Yawanci kuɗin na mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya, kuma manufar tasu ce. A Amurka doka ta tilasta musu fitar da kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu kowace shekara, su kuma cike takardar haraji mai lamba 990-PF wadda kowa zai iya karantawa. A cikinta akwai sunan duk wanda aka ba da adadin da aka ba shi. Minti talatin da wannan takarda sun fi mako guda na zato.

Kuɗin yana da kauri, kuma sau da yawa na shekara biyu zuwa biyar ne. Wasunsu sun kuma gane cewa aiki ba ya tafiya ba tare da haya da wuta da akanta ba: Ford ta ɗaga abin da take biya na gudanarwa zuwa aƙalla kashi 20 cikin ɗari a 2016. Matsalar ita ce ƙofar. Da yawa daga cikinsu, har da Gates a mafi yawan shirye-shiryenta, ba sa karɓar takardar da ba su nema ba. Su ke zaɓo wanda za su gayyata. Inda aka buɗe ƙofa ma, ana soma da gajeriyar wasiƙar gabatarwa, a jira, a rubuta cikakkiyar takarda, a jira zaman amintattu. Wata shida zuwa shekara ba abin mamaki ba ne. Ƙungiyar da ke wajen Amurka kuma tana da ƙarin mataki, domin gidauniyar sai ta tabbatar ƙungiyar ta yi daidai da ƙungiyar agaji a dokar Amurka, ko ta ɗauki nauyin bin diddigin kowace dala.

Haɗarin a nan ya fi ɓoyuwa. Sabon shugaba ya zo, an sake tsarin shekara biyar, fanninku ya fita daga jeri, kuɗin da ke riƙe da rabin kasafinku ya tafi ba tare da kun yi laifin komai ba. Akwai kuma jarabar karkatar da aiki don ya dace da abin da mai kuɗi ke so. Ƙungiyar da aka kafa don koyar da yara karatu sai a wayi gari tana rubuta takarda kan sauyin yanayi saboda can kuɗin yake bana. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tallafin gwamnati

Mafi girman kuɗi yana nan, mafi nauyin takardu ma yana nan. A Amurka sai an yi rajista a SAM.gov, shafin rajista na gwamnatin tarayya, kafin a nema ta Grants.gov, shafin da ake miƙa takardun neman tallafi, kuma rajistar kaɗai kan ci makonni. Sanarwar neman tallafi ɗaya na iya kai shafuka da dama, da ƙa'idar girman rubutu da yawan shafi; a tsallake ɗaya a jefar da takardar ba a karanta ba. Tarayyar Turai kuma a yawancin tallafinta tana so mai nema ya kawo wani kaso na kuɗin daga wani wurin.

Abin da ya fi karya ƙananan ƙungiyoyi shi ne salon biya. Sau da yawa sai kun kashe daga aljihunku, ku miƙa rasit, sannan a biya ku bayan makonni ko watanni. Ƙungiyar da ba ta da ajiyar albashin wata uku za ta iya samun tallafin dala 200,000 ta kuma kasa biyan ma'aikata a watan farko. A dokar tarayyar Amurka, tun daga Oktoban 2024, wanda bai da yarjejeniya ta musamman yana iya ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na gudanarwa, a da kashi 10 ne, kuma wanda ya kashe dala miliyan 1 na kuɗin tarayya a shekara dole a yi masa binciken kuɗi na musamman. Duk abin da mai bincike ya ce ba ya cikin ƙa'ida, mayarwa za a yi.

An daɗe ana ɗaukar kuɗin gwamnati a matsayin mafi tabbas, har zuwa Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar USAID. Ƙungiyoyin da ke riƙe da yarjejeniyar shekaru suka karɓi wasiƙar tsayar da aiki rana ɗaya. Kuɗin gwamnati yana bin siyasa, siyasa kuma tana juyawa. Idan ana son ɗanɗana wannan hanya ba tare da ɗaukar dukan nauyin ba, a nemi ƙaramin tallafi na ƙaramar hukuma, ko a shiga a matsayin abokin aikin babbar ƙungiyar da ta riga ta samu tallafin.

Tara kuɗi daga jama'a ta intanet

Ita ce mafi sauri, kuma babu kwamitin da zai tantance ku. GoFundMe, wani dandalin tara kuɗi ta intanet, a Amurka tana cire kashi 2.9 cikin ɗari da santi 30 daga kowace gudummawa a asusun ɗaiɗaikun mutane, amma a ƙasashe ƙalilan ake iya buɗe asusun tarawa da ita. GlobalGiving, wadda tsofaffin ma'aikatan Bankin Duniya biyu suka kafa a 2002, tana karɓar ƙungiyoyi daga ƙasashe da yawa bayan ta tantance su, ladanta kuma ya fi haka yawa. Kickstarter ba ta karɓar tara kuɗin agaji, kuma a tsarinta idan ba a kai adadin da aka sa ba, ba a samun ko sisi.

Dandalin ba ya kawo masu bayarwa. Ku ne za ku kawo su. Yawancin kuɗin kan fito daga waɗanda suka riga suka san ku, don haka ƙungiyar da ba ta da jerin magoya baya za ta buɗe shafi ta zauna tana kallon sifili, kuma a bainar jama'a. Tsadar gaske ita ce makonnin aika saƙo, ɗaukar hoto, godiya da tunatarwa. Abu mai ido, kamar rufin aji ko motar ɗaukar marasa lafiya, yana saurin samun kuɗi. Albashin akanta ba ya samu. Kuma ba a komawa ga mutane ɗaya duk wata uku ba su gaji ba. Kyawunta shi ne kuɗin ba shi da igiya mai yawa, sannan sunayen masu bayarwa sun zama naku. Wasu gidauniyoyin al'umma ma sun haɗa hanyoyin biyu ta ware ranar bayarwa ta gari, kamar wadda ake yi a arewacin Texas tun 2009, inda ƙungiyoyi ke tarawa a shafi ɗaya, gidauniyar kuma ta ƙara kyaututtuka a kai.

Kamfanoni

Ba sai an daɗe a nan ba. Kamfani kan ba da ƙaramin kuɗi, ko kaya, ko lokacin ma'aikatansa, yawanci a garin da yake da reshe, kuma yana son a ga sunansa. Wasu suna ninka duk abin da ma'aikacinsu ya bayar. Google tana ba ƙungiyoyin da suka cancanta tallar da ta kai dala 10,000 a wata kyauta, amma talla ce, ba ta biyan haya. Kuɗin kamfani yana bin ribar shekara, kuma idan sunansa ya ɓaci, tambarinsa na jikin allonku.

| Hanya | Tsadar nema | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | 'Yancin kashewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Gidauniyar al'umma | Kaɗan | Yawanci shekara 1 | Mai sauƙi | Kaɗan | Matsakaici |
| Babbar gidauniya | Mai yawa | Shekara 2 zuwa 5 | Shiga da wuya | Sauya manufa | Ya danganta |
| Gwamnati | Mafi yawa | Shekaru, idan siyasa ta bari | Mafi wuya | Mayar da kuɗi, jinkirin biya | Kaɗan ƙwarai |
| Jama'a ta intanet | Ladan dandali da lokaci | Sau ɗaya | Buɗewa da sauƙi, cikawa da wuya | Gazawa a fili | Mai yawa |
| Kamfani | Kaɗan | Shekara-shekara | Matsakaici | Suna | Kaɗan |

Wace hanya ga wace buƙata

Sabuwar ƙungiya da ba ta taɓa karɓar tallafi ba, ta soma da gidauniyar al'umma, ko da kuɗin bai kai rabin abin da take so ba. Abin da za ta samu ya haɗa da shaidar cewa wani ya ba ta amana ta riƙe, kuma wannan shaida ce babbar gidauniya za ta tambaya daga baya. Idan ba ta da rajista, ta shiga inuwar wata. Idan babu gidauniyar al'umma a yankinta, ta duba gidauniyoyin iyalai ƙanana da asusun mata ko na matasa da ke raba ƙananan tallafi, domin salon aikinsu ya yi kusa.

Wanda ke buƙatar abu guda da za a iya ɗaukar hotonsa, kuma yana da mutum ɗari ko biyu da za su amsa saƙonsa, ya tara daga jama'a. Zai fi kyau idan ya fara samun alkawarin gidauniya ko kamfani cewa za su ninka abin da aka tara, domin mutane sun fi sakin hannu idan sun san kowace dala za ta zama biyu.

Ƙungiyar da ta yi shekara uku zuwa biyar tana aiki, tana da alƙaluman abin da ta cimma da rahoton mai binciken kuɗi, kuma tana son faɗaɗa zuwa wasu garuruwa, lokacin babbar gidauniya ya yi. Ta roƙi jami'in gidauniyar al'umma ya gabatar da ita, tun da masu bayarwa sun san juna.

Gwamnati ta dace da wanda ke ba da hidima mai ci gaba ga mutane da yawa, kamar matsugunin marasa gida ko asibitin sha-ka-tafi, yana da akanta na cikakken lokaci da ajiyar aƙalla wata uku. Wanda bai da waɗannan biyun ya jira, ko ya shiga bayan babba.

Sai masu neman kuɗin haya da albashi, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi shan wuya. Su tambayi gidauniyar al'ummarsu kai tsaye ko tana da tallafin gudanarwa, domin wasu suna da shi ba sa tallata shi sosai. Su kuma gina masu bayarwa na wata-wata daga jerin da suka tara ta intanet. Idan ƙungiyar ta samu wata babbar kyauta ko wasiyya, tana iya buɗe asusun dindindin da sunanta a cikin gidauniyar, a juya mata shi bisa ɗan ladan shekara, ta riƙa karɓar kashi 4 ko 5 cikin ɗari. Dala 100,000 za ta ba da kusan 4,000 zuwa 5,000 a shekara, amma a karanta yarjejeniyar kafin sa hannu, domin uwar kuɗin ta koma mallakar gidauniyar, kuma ba a cire ta ranar da aka matsu sai kwamitinta ya yarda.